Kwaikwayon kwamfuta a wasannin kati na dijital

Kwaikwayon kwamfuta a wasannin kati na dijital hanya ce da ake bi wajen auna dabarar wasa ta hanyar sa kwamfuta ta buga wasan da kanta sau dubbai ko miliyoyi, sannan a ƙirga sau nawa kowace dabara ta ci, sau nawa kuma ta faɗi. Ana amfani da ita a wasannin da aka ƙirƙira domin kwamfuta da waya, kamar Hearthstone, da waɗanda suka fara a kan takarda daga baya suka koma intanet, kamar Magic: The Gathering da poker da bridge da solitaire. Masu amfani da ita sun haɗa da 'yan wasa masu son sanin wane ƙunshin kati ya fi ƙarfi, da masu ƙera wasanni, da masu bincike a fannin ƙirƙirarriyar basira. Kalmar kwaikwayo a nan ba ta da alaƙa da wasan kwaikwayo na dandali ko na fim. Ana nufin manhajar da ke bin dokokin wasa ɗaya bayan ɗaya kamar da gaske ake bugawa, amma ba mutum a ciki.

Sakamakon kwaikwayo yana nuna ƙarfin dabara ne a hannun ɗan wasan da aka kwaikwaya. Idan ɗan wasan kwamfutar bai iya wasa ba, alƙaluman da za su fito za su iya zama daidai a lissafi amma su ɓatar da mai karanta su. Yawancin binciken da aka yi a wannan fanni ya tafi ne a kan wannan matsala.

Tarihi

Asalin hanyar kansa daga wasan kati ya fito. A shekarar 1946 masanin lissafi Stanislaw Ulam, wanda ke aiki a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, yana jinya yana ɗebe kewa da wasan solitaire, sai ya tambayi kansa sau nawa mutum zai iya kammala wannan wasa idan ya raba katin. Ya gwada lissafin da alƙalami ya ga abin ya fi ƙarfin lissafi kai tsaye. Daga nan ya ga zai fi sauƙi a raba katin sau ɗari, a buga, a ƙirga waɗanda suka fita. Ya kai wa John von Neumann wannan tunani, suka yi amfani da shi a binciken nukiliya da kwamfutar ENIAC. Nicholas Metropolis ne ya ba hanyar sunan Monte Carlo, sunan unguwar gidan caca da ke Monako, kuma shi da Ulam suka wallafa maƙala a kanta a 1949.

Dalilin da ya sa lissafin Ulam ya gagara shi ne yawan hanyoyin da kati ke iya jeruwa. Ƙunshin karta mai kati 52 yana iya jeruwa ta hanyoyi kimanin lamba 8 da sifili 67 a bayanta. Babu kwamfutar da za ta bi su duka.

Da wasannin kati suka shiga kwamfutocin gida, tambayar Ulam ta sake dawowa. Wasan FreeCell na Windows ya zo da rabon kati 32,000 masu lamba. A tsakiyar shekarun 1990 wasu masu sa kai suka rarraba su a tsakaninsu ta intanet suka buga, aka warware duka ban da mai lamba 11982, wanda daga baya binciken kwamfuta ya tabbatar ba ya warwaruwa. Ga nau'in solitaire da ake kira Klondike kuwa, Charlie Blake da Ian Gent sun ƙiyasta a 2019 cewa kimanin kashi 82 cikin 100 na rabon kati ana iya cinye su, amma da sharaɗin ɗan wasa ya san inda kowane kati yake, har da waɗanda ke kife.

Yadda ake gudanar da shi

Kowane kwaikwayo yana buƙatar abu uku. Na farko injin dokoki, wato manhajar da ta san abin da kowane kati ke yi da abin da aka halatta a kowane zagaye. Na biyu abin jefa ƙuri'a, wanda ke cakuɗa katin ya kuma yanke duk abin da ya rataya a kan sa'a. Na uku ɗan wasan kwamfuta, wanda ke zaɓar katin da za a jefa. Idan waɗannan sun haɗu, sai a sa ƙunshi biyu su kara, a rubuta wanda ya ci, a sake cakuɗawa, a maimaita.

Ba kowace tambaya ce ke buƙatar haka ba. A wasan Magic ƙunshi yakan kasance kati 60, ana fara wasa da kati 7 a hannu, kuma galibi ba a sa kati iri ɗaya fiye da guda 4. Yiwuwar samun aƙalla ɗaya daga cikin huɗun nan a hannun farko kusan kashi 40 cikin 100 ce, kuma ana samun wannan amsa da lissafin makaranta. A Hearthstone ƙunshi kati 30 ne, iri ɗaya ba ya wuce 2, kuma wanda zai fara wasa yana karɓar kati 3 sannan ya ja ɗaya. Yiwuwar ya ga aƙalla ɗaya daga cikin biyun a zagayen farko kimanin kashi 25 cikin 100 ce. Idan kuma ya mayar da ukun da aka ba shi domin neman katin, wanda doka ta ba shi dama sau ɗaya kafin a fara, sai ta hau zuwa kusan kashi 41.

Lissafin alƙalami yana tsayawa ne inda zaɓi ya shigo. Tambaya irin "kati nawa na ƙasa ya kamata a sa a ƙunshin Magic domin a iya jefa kati mai tsada a zagaye na huɗu" ta dogara da ko ɗan wasa zai riƙe hannun farko ko zai mayar, da wanne kati zai fara ajiyewa, da launin da kowanne ke bayarwa. Frank Karsten, ɗan ƙasar Holan wanda ƙwararren ɗan wasan Magic ne kuma masanin lissafi, ya yi suna da maƙalolin da ya amsa irin waɗannan tambayoyi ta hanyar lissafi da kwaikwayo, kuma 'yan wasa da yawa suna duba jadawalinsa idan za su haɗa ƙunshi. Irin wannan kwaikwayo sau da yawa ba ya sa abokin karawa ko kaɗan. Ƙunshin yana wasa shi kaɗai, ana duba a zagaye na nawa zai gama da abokin karawar da ba ya motsi. Yana da sauri kuma amsarsa a fili take, sai dai bai ce komai ba game da abin da zai faru idan an mayar da martani.

Yawan wasannin da ake bukata

Tunda sakamakon ƙiyasi ne, yana ɗauke da kuskure, kuma kuskuren yana raguwa ne a hankali. Idan ƙunshi biyu sun yi kusan kunnen doki, wasa 100 zai ba da amsar da ke iya kaucewa da maki 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. Wasa 10,000 yana rage kaucewar zuwa kimanin maki 1. Ƙa'idar ita ce, kafin a rage kuskure da rabi sai an ninka yawan wasanni sau huɗu. Wannan na da muhimmanci domin bambancin da 'yan wasa ke jayayya a kai ƙarami ne. Sauya kati ɗaya a ƙunshi ba kasafai yake canza sakamako da yawa ba, don haka mutumin da ya buga wasa 30 da hannunsa ya ce sabon katin ya fi, yawanci sa'arsa ta ranar yake bayyanawa.

Matsalar ɓoyayyen kati

A dara ko chess ko Go, duk abin da ke kan allo kowa na ganinsa. A wasan kati kuwa ɗan wasa bai san hannun abokin karawarsa ba, bai kuma san katin da zai ja nan gaba ba. Wannan bambanci shi ne ya sa hanyoyin da suka yi nasara a wasannin allo ba su shiga wasan kati kai tsaye ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi dogaro da su a wasannin allo ita ce binciken rassa na Monte Carlo, wanda ake taƙaitawa da MCTS. Rémi Coulom na Faransa ne ya ba shi wannan suna a 2006, a shekarar da Levente Kocsis da Csaba Szepesvári suka fito da ƙa'idar zaɓen reshe da ake kira UCT. Kwamfuta tana ɗaukar kowane motsi da za ta iya yi, ta buga wasan daga nan har ƙarshe sau da yawa, ta riƙa ƙara lokaci a kan motsin da ke nuna alamar nasara ba tare da ta yi watsi da sauran gaba ɗaya ba. Wannan hanya na cikin abin da manhajar AlphaGo ta yi amfani da shi lokacin da ta doke Lee Sedol da ci 4 da 1 a watan Maris na 2016.

Domin a yi amfani da irin wannan bincike a wasan kati, dabarar farko da aka samo ita ce zato. Kwamfuta tana raba katin da ba ta gani ba bisa ƙuri'a, ta hanyar da ta dace da abin da aka riga aka jefa, sai ta warware wasan kamar kowa ya buɗe hannunsa. Ta sake wani rabon ta sake warwarewa, har sau da yawa, sannan ta zaɓi motsin da ya fi cin nasara a jimlace. Manhajar bridge mai suna GIB, wadda Matthew Ginsberg ya rubuta a ƙarshen shekarun 1990, da wannan hanya ta yi fice.

Ian Frank da David Basin sun nuna raunin wannan dabara a 1998. Misali, a ce ɗan wasa yana da hanya biyu. Ta farko tana buƙatar ya cinci ko sarki yana hannun na damansa ko na hagunsa, idan ya cinka daidai ya ci, idan ya kuskure ya faɗi. Ta biyu ba ta buƙatar cinke, kuma tana cin nasara sau 8 cikin 10. Mutum zai ɗauki ta biyu, domin ta farko rabi da rabi ce. Amma kwamfutar, a cikin kowane rabon da ta zata, tana ganin inda sarkin yake, saboda haka a lissafinta hanyar farko ba ta taɓa faɗuwa, sai ta ɗauke ta. Ta manta cewa a wasan gaske shawara ɗaya za ta yanke wadda dole ta yi aiki ko sarkin yana dama ko yana hagu. Daga wannan rauni wasu biyu ke fitowa: irin wannan ɗan wasa ba ya jefa kati domin ya gano abin da ke hannun wani, tunda a ganinsa ya riga ya sani, kuma ba ya yaudara, tunda a ganinsa abokin karawa yana kallon hannunsa.

A 2012 Peter Cowling da Edward Powley da Daniel Whitehouse suka gabatar da gyara mai suna ISMCTS. Maimakon a gina rassa dabam ga kowane zato, sai a gina guda ɗaya a kan abin da ɗan wasa ya sani kawai, duk zace-zacen su riƙa zuba sakamakonsu a ciki. Wannan ya rage matsalar sarkin dama da hagu, ko da yake bai kawar da matsalar yaudara ba.

Poker

A poker ne aka fi yin nisa, domin a can yaudara ita ce wasan. Hanyar da ta yi tasiri ana kiranta CFR, wadda Martin Zinkevich da Michael Johanson da Michael Bowling da Carmelo Piccione suka wallafa a 2007. Manhaja tana karawa da kanta, bayan kowane wasa ta duba kowace shawara da ta yanke ta auna nadamarta, wato abin da za ta samu da ta yi wani abin dabam. A gaba sai ta ƙara yawan yin abin da ta yi nadamar barinsa. A wasan mutum biyu, matsakaicin dabarun da ta bi yana matsowa kusa da daidaiton Nash, wato dabarar da abokin karawa ba zai iya cin riba a kanta ba ko da ya san ta. Ba wanda ya koya wa manhajar yaudara. Tana fitowa ne daga lissafin, domin wanda ba ya ƙara kuɗi sai yana da hannu mai kyau, da wuri ake gane shi.

A watan Janairu na 2015 ƙungiyar Bowling ta Jami'ar Alberta a Kanada ta sanar a mujallar Science cewa manhajarta Cepheus ta kusan warware nau'in Texas hold'em na mutum biyu mai iyakar kuɗin zubi. A Janairun 2017 Libratus, wadda Noam Brown da Tuomas Sandholm na Jami'ar Carnegie Mellon suka gina, ta doke ƙwararru huɗu a nau'in da ba shi da iyaka, a hannu 120,000 cikin kwana 20 a birnin Pittsburgh. A 2019 Pluribus, aikin Carnegie Mellon da Facebook, ta doke ƙwararru a teburin mutum shida, bayan horon kwana 8 kacal a kan kwamfuta guda.

Hearthstone da Magic

Wasannin da ake haɗa ƙunshi a cikinsu sun fi poker wuyar kwaikwaya ta wata fuska. Kati 52 na karta ba sa canzawa, amma Hearthstone, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2014, yana da dubban katuna, ana kuma ƙara sababbi sau da yawa a shekara. Magic, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira aka fitar a 1993, ya fi haka yawa nesa ba kusa ba. Kowane kati yana ɗauke da rubutun da ke iya sauya dokar wasan kanta.

Nan akwai aikin da ya yi kama da fassara. Abin da ke kan kati jimla ce ta harshen mutane, dole kuma mai rubuta injin dokoki ya mayar da ita umarnin da ba shi da harshen damo. Kalma kamar "duk lokacin da" ko "bayan" ko "maimakon" tana yanke wanne tasiri zai riga wanne, kuma idan kati biyu suka motsa a lokaci guda, jerin da aka bi zai iya sauya wanda ya ci. Kuskure ɗaya a nan yana maimaituwa a duk wasannin da za a kwaikwaya ba tare da ya nuna kansa ba. Game da zurfin dokokin Magic, Alex Churchill da Stella Biderman da Austin Herrick sun nuna a 2019 cewa ana iya shirya katuna a cikin wasan su yi aikin kowace irin kwamfuta, abin da ke nufin akwai yanayin da babu wani tsarin lissafi da zai iya faɗin wanda zai ci.

Tunda ba a buɗe wa jama'a injin Hearthstone na asali ba, masu sa kai ne suka rubuta nasu, irin su MetaStone da Fireplace da SabberStone. A kan SabberStone aka gudanar da gasar ƙirƙirarriyar basira ta Hearthstone, wadda Alexander Dockhorn da Sanaz Mostaghim na jami'ar Magdeburg a Jamus suka fara a 2018. Masu bincike sun kuma yi amfani da waɗannan injina wajen haɗa ƙunshi ta hanyar da ke kwaikwayon kiwo: a fara da ƙunshi da yawa, a sa su kara, a ɗauki waɗanda suka fi ci a gauraya katunansu, a sauya kaɗan bisa ƙuri'a, a sake.

A nan ne raunin ɗan wasan kwamfuta ya fi fitowa fili. Ƙunshi mai kai hari da wuri yana da sauƙin bugawa, ko ɗan wasan da ke duba zagaye ɗaya kawai zai iya amfani da shi. Ƙunshin da ke buƙatar a riƙe kati uku ko huɗu har zagaye na takwas domin a haɗa su lokaci guda yana buƙatar haƙuri da hangen nesa, kuma ɗan wasa mai gaggawa zai zubar da katunan ɗaya ɗaya tun da wuri. Sakamakon zai nuna ƙunshin ba shi da ƙarfi, alhali hannun da ya riƙe shi ne bai iya ba. Saboda haka alƙaluman cin nasara da ba a faɗi irin ɗan wasan da ya samar da su ba, ba su da amfani sosai.

Akwai kuma batun cewa ƙarfin ƙunshi ya dogara da abin da sauran mutane ke bugawa. Sau da yawa ƙunshi na farko yana cin na biyu, na biyu yana cin na uku, na uku kuma yana cin na farko. Abin da kwaikwayo ke iya bayarwa shi ne jadawalin karawar kowanne da kowanne, daga nan a lissafa wanda ya fi dacewa da yanayin da ake ciki a wannan makon.

Inda kwaikwayo ya fi zama abin dogaro shi ne inda babu zaɓin mutum a ciki. A sashen Battlegrounds na Hearthstone, wanda ya fito a 2019, ɗan wasa yana jera mayaƙansa ne kawai, faɗan kuma yana gudana da kansa. Wani ƙari mai suna Bob's Buddy, da ke cikin manhajar Hearthstone Deck Tracker, yana maimaita faɗan sau dubbai kafin ya ƙare a allo, ya nuna yiwuwar ci da faɗuwa da canjaras. Ga sauran sassan wasa, 'yan wasa sun fi dogaro da bayanan wasannin mutane na gaske da shafuka irin su HSReplay da 17Lands ke tarawa. Su ma suna da nasu gurbin: ba su san komai ba game da katin da bai fito ba tukuna ko ƙunshin da ba wanda ya gwada, kuma kati na iya nuna yawan nasara don kawai gwanaye ne suka fi ɗaukarsa.

Dokar amfani da irin waɗannan manhajoji

Nazari kafin wasa ko bayansa abu ne da aka saba da shi, har ƙwararrun poker suna horo da manhajojin warware hannu irin su PioSolver. Neman shawarar manhaja a tsakiyar wasa kuwa manyan shafukan poker sun haramta shi, suna kuma rufe asusun wanda aka kama. A 2014 Elie Bursztein ya nuna a taron DEF CON wata manhaja da ke hasashen katin da abokin karawa zai jefa a Hearthstone, daga baya ya fasa sakin ɓangaren hasashen bayan Blizzard ya nemi hakan.

Whot

Wasan Whot, wanda ya samo asali daga Ingila a shekarun 1930 kuma ya samu karɓuwa sosai a Najeriya, yanzu ana buga shi a waya. Katunansa masu siffa biyar ne, da'ira da alwatika da gicciye da murabba'i da tauraro, sai katin Whot mai lamba 20 wanda ke ba mai shi damar kiran siffar da yake so. Dokokinsa ba su da yawa, don haka ɗalibi na iya rubuta injinsa a matsayin aikin gwaji, ya auna tambayoyi kamar ko ya fi kyau a riƙe katin 20 har ƙarshe ko a jefa shi da wuri. Abin da zai fara yankewa shi ne dokar wane gida zai bi, domin wurare sun bambanta a kan ko ana iya tare katin ɗaukar biyu da wani irinsa, da ko an yarda a gama wasa da kati na musamman, kuma amsar da aka samu a ƙarƙashin doka ɗaya ba lallai ta tsaya a ƙarƙashin ɗayar ba.